Numfasa Kafin Ka Taka Totur

Kademi,
Ƙaramar Hukumar Gaya.

Zuwa ga ɗana Sagiru,

Assalamu alaikum. Ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, ya tsare ka a hanya da masauki, ya raba ka da sharrin ƙarfe da sharrin mutum da sharrin zuciya. Innarka tana gaishe ka. Ita na ba wa ta cusa maka wannan a cikin jakarka, don na san in na miƙa maka da hannuna cewa za ka yi, "Baba, me ya yi zafi har da rubutu?"

Na zaɓi rubutu ne saboda ni da kai ba mu iya doguwar magana ba. In na fara, kafin na kai tsakiya muryata ta hau, kai kuma ka sunkuyar da kai kana cizon leɓe, mu tashi babu wanda ya ji wani. A takarda ba zan iya yi maka tsawa ba, kai ma ba za ka iya tashi ka bar ni ba.

Na yi murna da Alhajin da kake wa aiki ya damƙa maka mukullin tirela, za ka riƙa kai kaya Kudu. Tuƙi kam ka iya shi, ka fi ni ma lokacin da nake shekarunka. Amma shekaranjiya da safe ina zaune a zaure na ga abin da ya hana ni sukuni. Babur ɗinka ya ƙi tashi. Ka buga, ka buga, ya ƙi. Sai ka dunƙule hannu ka naushi tankin har fatar yatsunka ta saɓule. Matarka Rabi tana tsaye da kwanon koko, ta ƙame kamar an dasa ta. Na kalli wuyanka na ga jijiya ta miƙe, na kalli haɓarka na ga ka datse haƙora. Fuskar nan na san ta, Sagiru. Na sha ganin ta a madubin mota shekara da shekaru. Kuma na san ba babur ɗin ne ya yi maka laifi ba, abubuwa ne suka taru maka tun makon jiya, shi dai shi ne ya zo a ƙarshe.

Ka san na yi haɗari a hanyar Ajingi kana ƙarami. In ana ba da labarin cewa ake yi shanu ne suka shigo titi. Gaskiya ne sun shigo. Amma kullum shanu suna tsallaka titin nan, kuma kullum ina tsayawa su wuce. Bari in ba ka ranar tun daga farkonta.

Damina ce, an kwana ana ruwa. Na idar da sallar asuba na shiga bas ɗina, batir ya yi sanyi, sai da maƙwabta suka tura ni. A wurin turin takalmina ya tsinke a cikin taɓo. Na isa tashar Gaya na tarar an sa wani a gabana a layi. Na yi magana, ɗan kamasho ya ce, "Ai ba ka zo da wuri ba, Ya'u, layi ba ya jiran kowa." Na haɗiye. Na je wurin mai shayi, burodi ya ƙare. Ga wani haƙori da ya kwana yana min zogi. Da aka zo lodi, buhun takin wani fasinja ya fashe a cikin but, wurin zuba kaya, sai da muka kwashe da hannu. Mun fita gari ke nan wata mata ta ce in tsaya ta manto ƙullinta a tasha. Na juya muka koma.

Ka duba duk wannan, akwai wanda ya isa a kai ƙara gaban mai unguwa? Babu. Shi ya sa ban lura da su ba. Ni a ganina lafiyata ƙalau.

A gaba kusa da ni akwai wani dattijo, Malam Ɗahiru tela, mutumin Gafasa. Ya kawo kan kekensa na ɗinki gyara, ya ɗora shi a cinya ya rungume. Muna tafiya sai wani yaron direba ya taho ta bayana da gudu, ya sha gabana daidai wani kududdufi. Ruwan taɓo ya shigo ta taga ya wanke min fuska da farar rigata. Da ya wuce sai ya zuro hannu ya yi min daƙƙuwa.

Ban san lokacin da ƙafata ta danne totur ba. Kunnuwana suka toshe, ba na ganin komai a duniya sai bayan motar yaron nan. Matan da ke baya suka fara salati. Malam Ɗahiru ya ce, "Direba, a yi a hankali don Allah, akwai yara a baya."

Na ce, "In ka fi ni iyawa zo ka karɓa."

Maganar ƙarshe da na yi masa ke nan yana da hannu biyu masu aiki. Muka sha kwana, yaron ya riga ya wuce, sai ga garke ya cika titi, ɗan Fulani yana ɗaga sanda yana ihu. Na taka birki, titi jiƙe, mota ta juya da mu ta gangara ta kwanta a cikin gonar dawa. Allah ya taƙaita, ba a rasa rai ba. Amma kan keken nan ya faɗo wa Malam Ɗahiru a hannun dama ya murƙushe shi. Da na je duba shi a asibiti ban iya haɗa ido da shi ba. Shi ne ma ya riƙa ba ni haƙuri. Ya ce, "Ƙaddara ce, Malam Ya'u, na yafe maka duniya da lahira." Ya yafe, amma bai sake ɗinki ba. Har yau zare da maɓalli yake kasawa a kasuwa, kuma in na bi ta gabansa shi yake fara gaishe ni.

To ka ji. Babban abu ba ya kayar da direba, domin in babban abu ya zo kowa yana shirya masa. Ƙananan ne, waɗanda kake jin kunyar ka ce sun dame ka. Da yayyafi kogi kan cika. Don haka ka koyi duba kanka yadda kake duba mai da ruwa da iskar taya kafin ka tashi. Jiki yana ba da sanarwa tun kafin zuciya ta ɓaci. Ka lura da haƙoranka, in sun datse. Ka lura da kafaɗunka, in sun hau sun kusa taɓa kunne. Ka lura da hannunka a kan sitiyari, in ka riƙe shi kamar za a ƙwace. Sannan ka lura da numfashinka, in ya zama gajere yana tsayawa a ƙirji. In ka ga biyu daga cikin waɗannan, to ka cika, ko da kuwa kana dariya da mutane. Kada ka yi wani abu mai muhimmanci a wannan halin. Kada ka sha gaban kowa, kada ka amsa wa kowa magana.

Bayan haɗarin na yi rantsuwa ba zan ƙara ɗaga murya ba. Na ɗauka shiru shi ne magani. Nan ma na yi kuskure. Malamai sun gaya mana haɗiye fushi abin yabo ne, kuma haka ne, amma abin da na riƙa yi ba haɗiyewa ba ne, ajiya ce. A waje kowa yana cewa Ya'u ya zama mai haƙuri. In na shigo gida kuwa ko sallamata aka ji sai tsakar gida ta yi tsit. Ku yara ku shige ɗaki, Innarka ta riƙa ajiye kwano a hankali kada ya yi ƙara. Ban doki kowa ba, ban zagi kowa ba, amma gidan ya zama kamar ana zaman makoki. Wata rana ta ce min, "Malam, da wannan shirun naka gara ka yi faɗan mu huta." Wuyana ya sandare, kaina kullum kamar an ɗaure shi da igiya. Da na je asibiti aka gwada ni aka ce hawan jini ne.

Kada ka kai wa Rabi abin da hanya ta loda maka. Ita ba ta tsare ka a shinge ba, ba ta sha gabanka a kwana ba. In ka dawo daga tafiya ka tsaya a ƙofar gida ka sauke abin da za ka iya saukewa kafin ka yi sallama. Abin da ya ƙi sauka kuma ka faɗa mata da baki, ka ce yau raina a jagule yake, ba ke ba ce. Wannan 'yar maganar ni sai da na yi furfura na iya ta.

Da motata ta lalace na rasa abin yi, wani abokina ya samo min aikin tuƙa wani Ba'indiye a Kano, manajan wata masana'antar roba. Mista Rajan ake ce masa. Ya daɗe a ƙasar nan, yana jin Hausa, sai dai in ya yi ta kamar yana tauna tsakuwa. Kullum da sassafe in na je ɗaukarsa nakan tarar da shi a barandar gidansa a kan wata 'yar shimfiɗa. Wani lokaci ya durƙusa ya ƙobare baya kamar kyanwa, wani lokaci ya tsaya da ƙafa ɗaya, wani lokaci ya zauna ya toshe hanci ɗaya da yatsa yana shaƙar iska ta ɗayan. Nakan kau da kai in yi ta'awwuzi, in ce a raina bautarsu ce.

Rannan mun shiga gosulo da tsakar rana, motoci sun cunkushe, zafi kamar zai narka kwalta. Na taso daga gida raina ba daɗi, an aiko min daga Kademi kai ba ka da lafiya, ga mai gidan da nake haya ya yi min magana mai zafi. Sai wani ɗan acaɓa ya kutso tsakanina da wata mota, ya goge mana gefe tun daga ƙofar baya har madubi. Bai ko tsaya ba, ya juyo ya ce, "Kai makaho ne?" Kuma gosulon ya riƙe shi nan gabana kaɗan, ba inda za shi.

Akwai sifanar taya a ƙarƙashin kujerata. Na sunkuya na ɗauko ta, na kama marfin ƙofa. Duk shirun da na tara tun daga gonar dawar nan ya taso min gaba ɗaya. Wallahi Sagiru, na riga na zaɓi inda zan sauke masa ita.

Sai na ji hannu a kafaɗata daga baya. Mista Rajan ya ce, "Ya'u. Za ka fita, ban hana ba. Amma fitar da iska tukuna."

Na ce, "Maigida, sake ni."

Ya ce, "Iska kawai. Duka, duka, har ciki ya shiga. Bayan haka ka je."

Don ya sake ni ne na yi. Na huro iskar da ƙarfi kamar mai hura wuta. Ya ce, "A'a, sannu. Kamar kana hura wa yaro koko." Na sake, a hankali. Ya ce in shaƙa ta hanci in kai ta ciki, kada ta tsaya a ƙirji. Na yi. Ya ce in sake. Ban san sau nawa ba. Abin da na sani, sai na fara jin hayaniyar titi ta dawo kunnena. Na ga ɗan acaɓan sosai, ashe yaro ne da ko gemu bai yi ba, ga wata tsohuwa a bayansa da ledar magani a hannu. Na kalli sifanar da ke hannuna kamar wani ne ya ba ni riƙo. Na mayar da ita inda na ɗauko.

Da muka isa ofis ya ce in zo da safe ya koya min sauran. Ya ce sunan abin yoga, a ƙasarsu yara da tsofaffi suna yi. Na ce to, amma ban je ba. Na yi wata da watanni ina zillewa. Abin ya cece ni daga kisan kai a gaban idona, amma girman kai ya hana ni in karɓa, don ya fito daga hannun wanda ba addininmu ɗaya ba, kuma ina tsoron kada in taɓa imanina. Tsoron yana da kyau. Laifina shi ne da na zauna da tsoron ban tambayi masu sani ba, ciwon kai yana ta cina.

Sai da na zo gida hutun sallah na je garin Balan wurin Malam Sale, ɗan wan Innarka mai makarantar Islamiyya. Na kwashe komai na gaya masa. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Ya ce ka kira sunan wani abin bauta?"

Na ce a'a.

"Ya ce ka rusuna wa wani abu, ko ka fuskanci rana, ko ka karanta wasu kalmomi nasu?"

Na ce, "Shi dai na ji yana wani gunji in ya zauna, amma ni iska kawai ya ce in fitar."

Malam ya ce, "To ka bar masa gunjinsa da duk abin da ya shafi bautarsa, kada ka kusance shi. Amma numfashi na Allah ne, gaɓoɓi ma na Allah ne, miƙa su ba laifi ba ne. Ai mu ma an hore mu in mutum ya fusata yana tsaye ya zauna, in bai huce ba ya kishingiɗa, ya yi alwala, ya nemi tsari daga Shaiɗan. Ka ga an san jiki yana da hannu a cikin fushi. Ka yi niyyar neman lafiya, ka cika bakinka da ambaton Allah."

Na koma Kano na gaya wa Mista Rajan sharaɗina. Ya yi dariya ya ce shi ma likita ne ya tilasta masa, ba malamin addininsu ba. Abin da ya koya min ba shi da yawa, kuma shi zan ba ka.

Tushen abin shi ne fitar da iska ta fi shigar da ita tsawo. Ka ɗora hannu a cibiya, ka shaƙa ta hanci har ka ji hannun ya ɗago, sannan ka sake ta a hankali, a hankali, har ka ji babu saura. Kada ka yi kokawa da ita. In tunani ya ɗauke ka, ka dawo, ba faɗa. Wannan kana iya yin sa a kan sitiyari ido buɗe, a gosulo, a shingen masu duba takardu, ko lokacin da wani yake zazzaga maka rashin mutunci. Babu wanda zai san kana yi. Shi kuwa numfashin toshe hanci ɗaya, ka shaƙa ta hagu ka fitar ta dama sannan ka juya, wannan sai mota tana tsaye, don yana kawo nutsuwa mai kama da gyangyaɗi.

Sai kuma motsa jiki. Duk inda kuka yada zango, kafin ka nemi abinci, ka dafa jikin mota da hannu biyu, ka ja da baya ka sunkuya har bayanka ya miƙe, ka numfasa a haka. Ka ɗaga kafaɗu sama ka sake su su faɗi. Ka karkata wuya dama da hagu, ban da fizga. In ka sami tabarma ka durƙusa da hannu da gwiwa, ka ƙobare baya ka fitar da iska, ka lotsa shi ka shaƙa. Na ƙarshe, ka kwanta rigingine ka jingina ƙafafunka a jikin taya ko bango, ka bar jinin da ya taru a ƙafa ya dawo. Za a yi maka dariya. Ni ma da na dawo tashar Gaya an yi min, har aka sa min suna Ɗan Indiya. Wanda ya fi kowa tsokanata, ciwon baya ya sauke shi daga mota tun ƙarfinsa bai ƙare ba.

Sai dai ka kiyaye abu biyu da na yi wauta a kansu. Da farko sai wuta ta kama nake tuna numfashi, kuma a lokacin ba ya zuwa, don jikin bai saba ba. Sai da na mayar da shi abin yi kullum bayan sallar asuba, ina zaune a kan dardumata bayan na gama azkar, lokacin da babu abin da ya dame ni, sannan ya fara zuwa da kansa ranar da ake buƙata. Na biyu ya fi muni. Da na ji kaina ya daina ciwo sai na watsar da maganin hawan jinin da aka ba ni, na ce na warke. Rannan ina wanke mota jiri ya ɗebe ni, na farka a gadon asibiti. Likitar ta yi min faɗa kamar ɗanta, ta ce in ci gaba da numfashina, yana taimako, amma ba ya maye gurbin magani. Haka kuma ba ya maye gurbin barci. In barci ya zo maka ka faka ka kwanta. Za ka haɗu da masu miƙo maka ƙwaya su ce tana buɗe ido. Tana buɗe ido, ta rufe hankali. Kada ka karɓa ko sau ɗaya.

Yanzu bari in gaya maka ranar da na san darajar abin nan, don kada ka ɗauka surutun tsofaffi ne.

Na bar aikin Kano na dawo Kademi da wata 'yar ƙaramar mota. Ranar da Innarka ta haifi autarmu Hauwa, kai kana gona da yayyenka. Ta haihu a gida da hantsi, lafiya, har an fara barka. Can sai ungozoma ta fito tana salati ta ce jini ya ƙi tsayawa. Na leƙa ɗakin na ga zannuwa sun jiƙe, leɓen Innarka ya yi fari, tana kirana ba ta ganina. Muka ɗauko ta ni da ƙanena, Baffanka Iliya, muka sa a bayan mota, ungozoma ta riƙe kanta. Ga ruwa an kwana ana yi kamar da bakin ƙwarya.

Na faɗa mota na murɗa mukulli. Da ƙyar na tayar. Muka kama hanyar Gaya, ina ta zuba gudu a cikin taɓo. Sai muka iso wani kwalbati da nake bi kullum, ruwa ya haura kansa, ja wur, yana gudu. Ba ka ganin hanya, sai dai ka ga inda ta ci gaba a tsallake.

Iliya ya ce, "Yaya, taka! Ai ka san wurin, taka mu wuce!"

Ungozoma ta ce, "Malam Ya'u, jikinta yana sanyi!"

Ƙafata tana kan totur. Na ji kunnuwana sun fara toshewa, irin toshewar nan da na sani. Sai na cire giya, na ja birkin hannu, na ɗora hannu a cibiyata na fara fitar da iska.

Iliya ya daki kafaɗata. "Me kake yi? Mutuwa za ta yi kana zaune! Ba ni mukullin!"

Na ci gaba da fitar da iska. A duk rayuwata ban taɓa yin abu mai wuya kamar wannan zaman ba. Kowane numfashi ji nake kamar jininta nake zubarwa da hannuna. Amma na yi, ina cewa Ya Hayyu Ya Ƙayyumu a zuci. Da idona ya washe sai na lura da abin da ban gani ba da farko. Ruwan da ke gefen hagu yana tafiya sumul, na gefen dama kuwa yana juyawa yana nutsewa kamar ana tsotse shi. Na fita da gudu na fizgi wani dogon kara a bakin gona, na shiga ruwan har gwiwa ina dogarawa. A hagu karan ya taɓa siminti. Na matsa dama kaɗan na soka, ya shige gaba ɗaya bai taɓa komai ba. Rabin kwalbatin ya tafi. Daidai inda tayata ta dama za ta bi.

Na kira Iliya na tsayar da shi a bakin ramin, ruwa yana dukan cinyarsa, na ce kada ya motsa, shi ne alamata. Ya tsaya inda na ajiye shi. Na koma na sa giya ɗaya, na manne da gefen hagu, na bi a hankali ina jin ruwa yana tura motar, madubina yana gogar rigar Iliya. A haka har tayoyin baya suka hau tudu. Iliya ya biyo mu ya faɗa mota muka tafi.

Mun isa asibiti tana numfashi sama-sama. Aka karɓe ta, aka ɗebi jinina da na Iliya aka ƙara mata. Da la'asar ta buɗe ido ta tambayi jaririyarta. Iliya ya ja ni waje ya zauna a ƙasa ya rufe fuska da hula yana kuka. Ya ce, "Yaya, da ka ba ni mukullin nan da na kashe mu duka."

Allah ne ya tsare, ba dabarata ba. Amma Allah yakan tsare bawa ta hanyar sababi, kuma sababin ranar shi ne ɗan tsayawar nan da kowa a motar ya ɗauka ɓata lokaci ne.

Ban ce na zama waliyyi ba. Har gobe raina yana ɓaci, wani lokaci har in yi maganar da zan yi nadama. Zuciyar da aka haife mu da ita ba a sake ta, sai dai a koyi riƙe linzaminta. Kai kuma abin da za ka riƙa ja ba bas ba ne. In tirela ta ƙwace, ba hannu ɗaya take murƙushewa ba. Za a ɓata maka rai a tasha, za a ɓata maka a shinge, za a tsare ka a garin da ba ka jin yarensu, mai kaya zai riƙa kiran wayarka yana cewa ka makara. Ka bar shi ya kira. In kaya suka makara mai kaya zai yi faɗa ya huce, gobe ma ya sake ba ka wasu. Mu a nan gidan ba kaya muke jira ba, kai muke jira.

Ka riƙe sallah a kan lokacinta ko a ina ta same ka. Ka yi addu'ar hawa abin hawa kafin ka murɗa mukulli. In ka sauka lafiya ka kira Innarka ko da gaisuwa ce kawai, don ba za ta iya cin abinci ba sai ta ji muryarka.

Allah ya kai ka lafiya ya dawo mana da kai lafiya. Allah ya sanyaya maka zuciya a inda ta saba zafi, ya buɗe maka ido a inda hanya ta ɓoye ramukanta, ya sa kada hannunka ya zama sanadin hawayen kowa. Na yafe maka duk abin da ka taɓa yi min, wanda na sani da wanda ban sani ba. Allah ya yi maka albarka.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinka,
Ya'u Direba